Daminar da Gunya Ta Kumbura

Daminar da ta biyo bayan mulkin kai, dawaki sun mutu a garinmu. Babu wata cuta da ta shigo. Yunwa ta yi watanni tana bin su ba ta kashe su ba, sai ciyawar farkon ruwa ta kashe su.

Ruwan da aka yi a makon nan ne ya tuna mini. Na fito da safe na ga gindin katanga ya yi kore, irin tsiron nan mai laushi da ke riga shuka ɗaga kai. Na tsuguna na tsinko, na murje shi a yatsa. Ruwa ne zalla. Wani maƙwabcinmu ya zo wucewa da tumakinsa, zai sake su tun raɓa ba ta bushe ba. Na ce ya jira rana ta ɗaga. Ya ce, "To, Baba," ya ci gaba da tafiyarsa. 

A wancan lokacin ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Tambuwal, kan hanyar Kebbe. Ina da mata, Kulu, da ɗa guda a goye. Gandu ɗaya muke da yayana Altine: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Shi ne babba, kuma shi ke da shanu. A bayansu ya tashi. Ni noma na sani, sai kuma goɗiya.

Goɗiyar ba tawa ba ce. Ta mahaifin Kulu ce, Baba Sahabi, mutumin Fakku. Fara ce mai ɗan ja-ja, irin launin da ake kira gunya, da shi kuma muke kiranta. Riƙo ya ba ni, yadda ake yi a da. Kai za ka ciyar da ita, ka shayar, ka kai ta baye wurin ingarma. Ɗan fari na mai ita, na biyu na mai riƙo, haka ake juyawa. Ɗan fari ya zo namiji, na yaye shi, na ja shi har Fakku na danƙa wa mai shi. Na biyu yana cikinta a wannan daminar. Wannan nawa ne. In ya zo mace, gidana ya samu tushen dawaki ke nan. Abin da nake jira ke nan, ba ni da wani.

Shekarar da ta gabata ruwa ya ɗauke mana da wuri. Gero ya sha, dawa ta yi rabi, wake ya bushe bai yi yaɗo ba. Harawar da na ɗaura a kan rumfa, kafin azumi ya fita ta ƙare. Na koma ba ta karan dawa, ina sara shi ƙanana. Kara ya ƙare. Na koma ƙaiƙayi, ina jiƙa shi da ruwan kanwa don ya shigu. Dusa kuwa ba ta ƙara ganin ta ba, don mu muka koma cin ta. Kulu ta kan tankaɗe ta sau biyu, ta haɗa da ɗan tsaki ta dama kunu. Da rana kunu, da dare tuwo in an samu, in ba a samu ba kunun dai. Altine ne ke hawa rumbu, shi ke fitar da damin da za a ci. Ya fara jimawa a ciki kafin ya fito, kuma in ya fito ba ya kallon kowa.

Bazara ta yi zafi irin wanda ƙafa ba ta taka ƙasa da hantsi. Rijiyar gari ta ja baya, sai an ƙara igiya. Mata na kwana a bakinta, guga na fitowa da rabin laka. Ni nakan tafi da asuba in ɗebo wa Gunya tulu biyu, in ajiye ya kwanta. Altine ya kan kora shanunsa nesa, wajen kwari, inda yake sassabo musu ganyen itace. Saniya tana cin wannan ta rayu. Doki ba ya ci.

Gunya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta daga zaure. Ƙugu ya fito, wuya ya sirance, ciki kaɗai ya rage yana rinjayarta. Ta cinye dangar da ke kusa da turkenta. Na matsar da turken, ta ci zanan bayan ɗaki. Wata rana na iske ta tana cin kashinta. Kulu na tsaye da goyo tana kallo. Ta ce, "In Baba yag gane ta haka fa?" Na ce ba zai gani ba, Fakku da nisa.

Babbar salla ta zo, ba mu yi layya ba. Bayanta da kaɗan hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya taso da iska ya watse. Ya yi haka ya fi sau nawa. Mun riga mun yi binne a jigawa, iri na ƙasa yana jira. Ranar da ruwan ya sauka da la'asar ne. Ƙamshin ƙasa ya riga shi isowa. Gunya ta ɗaga kai ta yi haniniya, rabon da in ji muryarta har na manta. Aka yi ruwa har ya kwanta a tsakar gida. Washegari kowa na gona da sungumi, maza na sara, mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa. Ba a ci komai ba sai ruwan kunu, amma ana ta raha.

Ruwa ya biyo baya a kai a kai. Fadama ta yi kore shar. Harƙiya ta fito, burgu ya tsiro a bakin tabki, gyauron dawa ya ɓullo a tsofaffin gonaki. Mutumin da ya yi watanni yana kallon dabbarsa tana cin danga, in ya ga wannan ba ya iya haƙuri. Aka fara kwance dawaki ana kai su.

Tun ranar da Baba Sahabi ya ba ni riƙo ya ja mini kunne a kan wannan. Ya ce, "Sanda, doki ba saniya ba na. Ba shi tuƙa, ba shi gyatsa, ba shi amai. Abin da yash shiga cikinai, hanya guda gare shi. In ruwa ya sauka, kak ka bari ta ci ɗanya da raɓa, kak ka bari ta ci da wofin ciki." Saboda haka na yi yadda ya ce. Nakan yanko ciyawa da lauje bayan rana ta ɗaga, in baza ta a rana ta yi yaushi. Kafin in ba ta, sai in zaro tsohon shuci daga jinkar ɗakinmu in fara ba ta, ta rage wa cikin wuri. Sannan in haɗa ɗanyar da busasshiya, tafin hannu kaɗan, in jira, in ƙara. Jinkar ta fara yoyo ta gefen da nake zara. Kulu ta matsar da shimfiɗa.

Gunya ba ta son wannan tsarin. Tana jin ƙamshin fadama. Ta kan ja igiya har ragama ta ci mata bayan kunne. Altine yana gani, abin yana cinsa.

"Kai dai mugu na," in ji shi wata safiya. "Ga abinci Allah ya kawo, kana auna mata awa magani."

"Haka mai ita yac ce."

"Mai ita shina Fakku. Shanuna fa? Sun ci, sun mutu?"

"Shanunka ba su bar daji ba tun kaka. Ita a turke take."

Ya yi tsaki ya kora shanunsa.

A cikin kwanakin nan dokin Arzika ya kumbura. Arzika ɗan koli ne, da dokin yake cin kasuwar Dogon Daji da ta Tambuwal. Ya sake shi a fadama da sassafe, kafin azahar ciki ya zama ganga. Wani makiyayi ya huda masa kwiɓi da wuƙa, yadda ake yi wa saniya in ta kumbura. Iska ta fito da ƙara, doki ya miƙe, har ya ci ciyawa. Aka yi ta sa wa makiyayin albarka. Dare bai yi nisa ba jikin dokin ya ɗauki zafi, cikin ya sandare, wurin hujin na ɗigar ruwa mai wari. Ya mutu a tsaye, ya faɗi a kan turkensa. Sai kuma na limamin gari ya kumbura. Shi aka ce kada a huda. Ya yi ta birgima yana dukan ƙasa da kai har ya mutu kafin magariba. An huda an rasa, an bari an rasa. Kuma doki ba kamar saniya ba ne da za a yi sauri a sa masa wuƙa a wuya a ci nama. Mu ba mu cin sa. In ya faɗi, sai a ja shi bayan gari a bar wa ungulu.

Akwai malamin dabbobi na En'e a Tambuwal, amma da rani muke ganinsa, lokacin allurar shanu. Da damina hanya ta yanke. Yanzu yaro zai ciro waya daga aljihu, kafin ka gama alwala mai allura ya iso a kan babur. A lokacin abin da ke gidanka shi ne maganinka.

Ranar da abin ya same ni, gayya ake yi a gonar wani dattijo, noman fari. Dole in je. Ya zo tamu a bara, kuma a gayya akwai fura, cikin mutum ɗaya ya ragu a gida. Na ba Gunya shucinta, na ce wa Kulu kada a ƙara mata komai sai na dawo. Na saɓa kalmen noma na fita.

An yi ruwa da dare, ƙasa ta yi taushi, rana kuma ta fito da ƙarfi. Tururi na tashi daga kunya. Muna jere muna noma, mai ganga na bayanmu, gumi na shiga ido. An sha fura, an koma. Rana ta kusa tsaka sai na ji gangar ta tsaya. Na ɗaga kai. Kulu ce ke ratso gonar mutane da goyo, babu mayafi, tana taka shuka. Kulu ba ta taɓa biyo ni gona a gaban maza ba.

"Mi yaf faru?"

"Gunya. Yaya ya kwance ta tun da kaf fita. Ya tai da ita fadama da shanu."

"Ba ki hana ba?"

"In hana Yaya?"

Na yar da kalme a nan.

Na iske Gunya a bakin tabki, ta ware daga shanu. Kai a ƙasa, ciyawa a bakinta ba ta taunawa. Cikin da na sani mai rinjaya ƙasa ne, na ɗa. Wannan ya taso sama, ya cike ramin kwiɓi ta dama da hagu, fata ta ɗame tana sheƙi. Na buga da yatsa, ya amsa kamar ƙwarya. Na kafa kunne a jikinta. Cikin doki mai lafiya ba ya shiru, kullum yana ƙugi. Nata shiru. Ta waiwaya ta dubi cikin, ta kai masa shuri, ta fara tonon ƙasa da ƙafar gaba. Gumi ya jiƙe wuyanta. Na ɗaga leɓenta, dasashi ya yi fari.

Altine na tsaye da sandarsa. Fuskarsa ta canza, amma bakinsa bai canza ba.

"Ƙoshi na. Yaushe rabon ta da ƙoshi?"

"Ta yi kashi?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, ta yi kashi tun da kunka zo?"

"Ban gani ba."

Gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa. Na fizge ragama na daka mata tsawa, ta miƙe. Abu ɗaya na sani daga na liman: in ta kwanta ta fara birgima, an gama. Na ja ta muka fito daga fadama zuwa tudu. Tana tafiya tana nishi, ƙafafun baya a buɗe.

Kafin mu kai gindin tsamiyar da ke bakin gari, 'yan gayya sun biyo mu. Mai gona ma ya zo. Arzika ya fito daga gida, shi da ba shi da doki yanzu. Aka kewaye mu, kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce a yi mata hayaƙin barkono. Wani ya ce a ɗura mata ruwa ta hanci. Ban saurari kowa ba. Na ce wa Kulu ta jiƙo kanwa, ta kawo man gyaɗan da ya rage. Ta dube ni, don shi ke nan man da ke gidan. Ta tafi.

Da na juyo, Altine ya ciro 'yar wuƙarsa daga kube, da guntun gora mai rami da yake yawo da shi a jaka. Na sha ganin aikinsa. Saniya ta kumbura ta faɗi, ya auna kwiɓin hagu da yatsu, ya soka, ya zura gorar, iska ta fita, saniya ta tashi. Ban taɓa ganin ta mutu a hannunsa ba. Ya dafa Gunya yana laluben wurin.

"Yaya, mi kaka yi?"

"Abin da nika yi kullum. Riƙe mata kai."

"Ba a huda ta."

"Kana ganin ta? Numfashi ya fara gagarar ta."

"Na Arzika an huda."

"Wanda yah huda na Arzika bai san wuri ba. Ni na sani."

"Wurin saniya kas sani. Kuma da ɗa ciki."

Ya ɗaga wuƙar. Na kama wuyan hannunsa.

Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe hannun Altine ba. Shi ya goye ni, shi ya yi mini aure bayan mahaifinmu ya rasu. Goɗiya na ta nishi.

"Sake man hannu, Sanda."

"Ba ni saki."

"Gaban mutane?"

"Ka girme ni, Yaya. Gona taka ta, rumbu naka na. Wagga a hannuna anka ba da ita."

Muka tsaya a haka. Ina jin jijiyar hannunsa tana motsi. Mai gonar gayya ya matso ya ce, "Altine, bar mai. In ta mutu, shi za shi Fakku, ba kai ba." Altine ya saki wuƙar ta faɗi. Na sake shi. Ya koma gefe ya tsuguna, ya juya mana baya.

Kulu ta kawo ruwan kanwa a ƙwarya da man a 'yar kwalba. Na haɗa su. Sai ɗurawa ta gagara. Gunya na fizge kai, ƙwarya ba ta shiga baki, kwalba kuma in ta tauna ta fashe. Rabin tafin hannu ya zube a ƙasa. Ina cikin haka aka ture ni. Altine ne. Ya ciro ƙahon da yake ɗura wa maruƙa magani, ya rungume kanta a kafaɗarsa, ya zura ƙahon ta gefen baki inda babu haƙori.

"Zuba kaɗan-kaɗan, wawa. Jira ta haɗe. In ya bi ta huhu ka kashe ta da hannunka."

Na zuba yadda ya ce. Ta haɗiye duka. Ya goge ƙahon a rigarsa, ya koma inda yake.

Daga nan sai tafiya. In ja ta mu hau tudu, mu gangaro, mu kewaye tsamiya, mu koma. In ta nemi durƙusawa, mutum biyu su tallafe ta, wani ya tsula mata tsumagiya. Azahar ta yi, aka yi salla a nan bi da bi, ni ban saki igiya ba sai da Arzika ya karɓa. Rana ta karkata. Zafi ya tsaya cik, babu iska, hadari ya fara haɗuwa baƙi ƙirin a gabas. Ƙudaje sun rufe mata ido. Duk kewaye ɗaya sai in kafa kunne. Shiru. Cikin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Numfashinta ya koma gajere, hanci a buɗe, ja a ciki.

Wani daga cikin 'yan gayya ya ce, "Yau ga abin mamaki. Gari guda ya bar noma ya zo jiran tusag goɗiya." Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Da la'asar ta faɗi. Ba durƙuso ba, faɗuwa. Ta miƙe ƙafafu za ta juya. Na zauna mata a wuya, mutane suka kama wutsiya da ragama, aka yi ta ihu har ta tashi. Ta tsaya tana rawar jiki. Na san in ta sake faɗuwa ba za ta tashi ba.

Arzika ya zo kusa da ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Saura taɓarya."

Na san abin da yake nufi. Ana zura taɓarya a ƙarƙashin ciki, mutum biyu su kama, ɗaya ta kowane gefe, su ɗaga da ƙarfi suna murzawa daga gaba zuwa baya, har iskar ta motsa. Ana yi wa doki namiji. Ana yi wa goɗiyar da ba ta da komai.

"Da ɗa ciki," na ce.

"Na sani. Shi ya sa ban faɗi ba tun ɗazu." Ya dubi Gunya. "Uwar ta surukinka ta, ɗan naka na. Kai ka sani."

Na dubi Kulu. Tana tsaye a bayan mutane, ta sa bakin zane a baki. Ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Iska ta fara tasowa, ganyen tsamiya na zuba. Na sa hannu a ƙasan cikin Gunya, can baya, inda na saba jin motsi da safe in ina ba ta shuci. Na ji shi. Ya motsa.

Na ce, "A kawo."

Kulu ce ta kawo, tata ta daka. Na kama gefe ɗaya. Na ɗaga ido in ga wa zai kama ɗayan, sai na ga Altine. Muka zura. Muka ɗaga har ƙafafunta na baya suka yi sauƙi a ƙasa, muka murza baya, muka sauke, muka koma gaba. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin doki ya yi ba. Ruwa ya sauko, manyan ɗigo, sannan gaba ɗaya. Ba wanda ya gudu. Taɓarya na santsi, muna ɗagawa, laka na cin ƙafa. Kafaɗata ta mutu. Altine na cewa, "Ɗaga! Ɗaga, ɗan banza!" Ban san sau nawa muka yi ba.

Arzika ne ya ce a tsaya. Ya kafa kunne a kwiɓinta, ruwa na zuba a kansa. Ya ɗaga hannu. Ni ma na kafa. Can ciki, nesa, na ji ƙugi.

Na ja ta muka taka kaɗan. Ta tsaya, ta buɗe ƙafafu, ta ɗaga wutsiya. Ta saki iska doguwa, har ta fi ƙarar ruwan. Ta ƙara. Ta ƙara. Sannan kashi ya biyo, kore, mai kumfa, mai wari. Mutane suka sa kabbara. Mai barkwancin nan ya ce, "To, alhamdu lillahi, ta yi. A koma noma." Ramin kwiɓinta ya fara dawowa ina kallo. Ta sauke kai ta kai baki ga ciyawar da ke gindin tsamiya. Na fizge ta.

Na mayar da ita turke. Ranar ba ta ci komai ba sai ruwa mai ɗumi. Washegari shuci, da 'yar dusar da Kulu ta hana mu ta ba ta. Na koma aunawa kamar da. Altine bai ƙara cewa komai a kan aunawar ba. Bai kuma yi mini maganar hannunsa da na riƙe ba, har ya bar duniya.

Kowace safiya ina sa hannu a ƙasan cikin. Ranar farko ban ji motsi ba, na ce gajiya ce. Ta biyu ma haka. Ba a yi mako ba, na fito da safe na iske ta tsaye, ɗan yana bayanta a ƙasa cikin jakarsa, ba rai. Ya riga ya yi gashi. Mace ce, launin uwar. Na haƙa rami a bayan gida na rufe ta, don kada karnuka su ja.

Da aka gama maimai na tafi Fakku a ƙafa. Na iske Baba Sahabi a zaure yana tufka igiya. Na tsuguna daga bakin ƙofa, na gaishe shi, na faɗa masa. Bai daina tufka ba.

"Wa yas sake ta ga ɗanya?"

"A hannuna take, Baba."

Ya dube ni, ya mayar da ido ga igiya.

"Wa yac ce a sa taɓarya?"

"Ni."

"Ka san da ɗa."

"Na sani."

Ya ci gaba da tufka. Sannan ya ce, "Uwar tana ci?"

"Tana ci. Ta fara mai da jiki."

"Madalla. Allah shi yi ma albarka." Ya ɗaure bakin igiyar. "Na biyu naka na, haka munka yi. Ya zo?"

Na ce, "Ya zo, Baba."

"To, ya zo. Na ukku nawa."

Ya sa aka kawo mini tuwo da miyar kuka, har da man shanu. Na ci. Ya ba ni damin gero biyu in kai wa Kulu, ya ara mini jaki. Ban ce ya zalunce ni ba, a lokacin ko yanzu. Haka sharaɗin yake.

Gunya ta huta shekara, ta ɗauki na uku, ta haife shi lafiya. Na yaye shi na kai Fakku. Kafin ta ɗauki na huɗu Baba Sahabi ya rasu, aka zo aka tafi da ita cikin gado. Altine kuwa, duk lokacin da zancen ya taso a zaure, cewa yake da an bar shi ya huda tun da rana, da uwa da ɗiya duk sun rayu. Mai yiwuwa ne. Ban sani ba.

Yanzu ina Kebbe, a gidan ɗana, wanda ke goye a wancan lokacin. Kulu ta rasu, Altine ya rasu. Ido ɗaya ke gani, kuma ƙafa ba ta kai ni gona. Ɗakina na kusa da zaure, inda yara ke ajiye baburansu. Ban yi doki ba har yau.